Kada A Ba Da Hannu Kafin A Ji Sharaɗi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya girmama shi, Ya sanya shi mai bukatar ɗan uwansa tun daga zanen goyo har zuwa likkafani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, dalilin wannan nasiha shi ne wata tambaya da wani dattijo daga cikin masallatanmu ya kawo mana bayan sallar La'asar. Ya ce: "Allah gafarta Malam, yaron wajena da ke karatu a Amurka ya aiko yana neman izini. Wasu ɗalibai sun gayyace shi cikin ƙungiyarsu. Suna da gida nasu, suna kiran junansu ƴan uwa, sun ce wanda ya shiga ba ya rasa aiki bayan karatu. Sai dai akwai rantsuwa, kuma ba a faɗa wa mutum abin da ke cikinta sai daren da zai yi ta. In bar shi, ko in hana shi?" Muka ce masa: "Alhaji, a ba mu kwanaki mu bincika." Da muka bincika, sai muka ga amsar ta shafi gidaje da yawa, domin a yau babu unguwar da ba ta da yaron da ya ci jarrabawar bak ya tafi jami'a, ko a Yamai, ko a Najeriya, ko a ƙasashen Turawa.

Mene ne waɗannan ƙungiyoyi?

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai da ake kira fraternity idan ta maza ce, sorority idan ta mata ce, ma'ana ƴan uwantaka. Ana raɗa musu suna da haruffan Girkanci biyu ko uku. Wadda aka fara sani da irin wannan suna ita ce Phi Beta Kappa, wadda ɗalibai biyar suka kafa ranar 5 ga Disamba 1776 a kwalejin William and Mary ta jihar Bajiniya, da rantsuwar ɓoye sirri, da alama, da irin musafaharsu ta daban. Mata kuma suka fara kafa tasu a shekarar 1851 a jihar Jojiya.

Hanyar shiga tana da matakai. Idan an buɗe shekarar karatu, ƙungiyoyin suna shirya liyafa na ƴan kwanaki, sababbin ɗalibai suna zagayawa, tsofaffin suna duba su. Wanda suka ga ya yi musu sai su miƙa masa gayyata. Idan ya karɓa sai ya shiga zaman gwaji na makonni, yana ƙarƙashin umurnin waɗanda suka riga shi. Daga ƙarshe a yi daren rantsuwa, a buɗe masa asiran ƙungiya, ya zama ɗanta har mutuwa, yana biyan kuɗin ƙa'ida muddin yana makaranta.

Allah Ya wajabta mana adalci ko a kan wanda muka saɓa da shi, kamar yadda ya zo a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida. Saboda haka ba za mu ɓoye abin da ke cikinsu na amfani ba. Suna tara kuɗi domin asibitoci da mabukata, manyansu suna nema wa ƙanana aiki, baƙo kuma yana samun masu ɗebe masa kewa. A shekarar 1906, lokacin da ƙungiyoyin farar fata ba sa karɓar baƙar fata, ɗalibai bakwai baƙar fata suka kafa Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell domin su riƙe juna, kuma Martin Luther King yana cikin waɗanda suka shige ta daga baya. A shekarar 2013 ma wasu ɗalibai Musulmi a birnin Dalas na jihar Tekzas sun kafa tasu wadda babu giya a cikinta, suka kira ta Alif Lam Mim. Ke nan suna shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin da ke cikin tukunya shi ake dubawa.

Abin da ke faruwa a ƙofar shiga

Mafi yawan ɓarnar tana aukuwa ne a zaman gwajin nan. Ana yi wa sabon shiga gwale-gwale, abin da waɗanda suka yi boko da Faransanci suka sani da bizutage: a hana shi barci, a wulaƙanta shi gaban jama'a, a doke shi, a tilasta masa shan giya fiye da abin da jiki ke ɗauka.

A watan Fabrairu na shekarar 2017, a jami'ar jihar Fensilbeniya, wani saurayi ɗan shekara 19 ya je daren karɓar gayyata. Masu gabatar da ƙara sun ƙirga daga na'urorin ɗaukar hoto na gidan cewa an ba shi giya sau 18 a cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ya faɗo daga matakalar bene, ya ji rauni a kai da ciki. Ɗaya daga cikinsu ya ce a kai shi asibiti, aka ture shi aka ce ya yi shiru. Sai da aka yi kusan awa 12 kafin a kira masu ceto, kuma bai tashi ba. A cikin wannan shekara ɗaya, wasu samari uku sun mutu ta hanyar giya a irin waɗannan taruka, a jihohin Luwiziyana da Fulorida da Tekzas. Abin ya kai Amurka ta kafa dokar tarayya a watan Disamba 2024, wadda ta tilasta wa jami'o'i bayyana rahoton gwale-gwale. Faransa kuwa tun shekarar 1998 ta mayar da shi laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Ya ku bayin Allah, ku tsaya a kan awa 12 ɗin nan. Samarin da suka kewaye shi ba maƙiyansa ba ne, a daren ma suka fara kiran sa ɗan uwa. Abin da ya riƙe hannuwansu shi ne tsoron abin da zai sami ƙungiya da su kansu idan hukuma ta ga giya a gidan. Sunan ƙungiya ya rinjayi ran ɗan uwa. Wannan ita ce cutar da muke yi wa ƴaƴanmu tsoro, kuma ba ta tsaya a Amurka ba.

Darasin maƙwabtanmu

A shekarar 1952, ɗalibai bakwai a kwalejin jami'a ta Ibadan suka kafa ƙungiyar Pyrates. Cikinsu akwai Wole Soyinka, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1986. Manufar da suka bayyana ita ce yaƙi da ƙabilanci da girman kan ƴaƴan masu hali da kwaikwayon Turawan mulkin mallaka. Babu mai hankalin da zai zargi wannan manufa. To amma da tafiya ta yi tafiya sai aka fara rarrabuwa. Buccaneers ta ɓalle a 1972, aka kafa wadda mutane ke kira Black Axe, wato Baƙin Gatari, a jami'ar Benin a 1977, wasu suka biyo baya, har da na mata. Kowace da rantsuwarta da launinta da daren shigarta a daji. Daga gasa aka koma gaba, daga sanda aka koma adda da bindiga, har mutanen Najeriya suka daina kiran su ƙungiyoyin ɗalibai, suka koma kiran su ƙungiyoyin asiri. Pyrates da kanta ta janye daga harabar jami'o'i a 1984.

Da asubahin ranar 10 ga Yuli 1999, wani gungun mutane da suka rufe fuskokinsu suka afka wa ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har da babban sakataren ƙungiyar ɗalibai. An ɗora alhakin a kan ƴan ƙungiyar asiri. Iyaye biyar sun aika ƴaƴansu neman ilimi, aka mayar musu da gawa. Ƴaƴanmu suna karatu a wannan ƙasa, iyaka ɗaya ce tsakaninmu, to wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Ma'aunin Shari'a

Musulunci bai hana haɗa kai ba. Mun gaji gayya a gona, mun gaji adashi, mun gaji zumunta. Tarihin Manzon Allah (S.A.W.) ya ba mu misalai biyu, wanda ya riƙe su ya sami ma'auni.

Na farko shi ne Hilful Fudul. Kimanin shekara 20 kafin aiko shi, wani baƙo ɗan ƙabilar Zubaid ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'il ya saya ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya hau dutsen Abu Ƙubais yana kuka da zaluncin da aka yi masa. Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalib ya miƙe, wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Annabi (S.A.W.) ya halarci wannan taro yana saurayi, kuma bayan annabci ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Ku lura da abu biyu: sharaɗin alkawarin a fili yake, kuma wanda ya ci amfaninsa na farko baƙo ne wanda ba ya cikinsu.

Na biyu ya faru a yaƙin Banul Musɗaliƙ. Mutum biyu suka yi faɗa a bakin ruwa, ɗaya ya yi kururuwar kiran Ansaru, ɗaya ya yi kururuwar kiran Muhajirai. Da Annabi (S.A.W.) ya ji, sai ya kira wannan kiran jahiliyya, ya umurce su da su bar shi, ya siffanta shi da abu mai ɗoyi. Alhali Muhajirai da Ansaru sunaye ne da Allah Ya yaba a cikin Alƙur'ani. Idan waɗannan sunaye masu daraja sun yi ɗoyi sa'ad da aka mayar da su tutar goyon bayan namu ko da gaskiya ko babu, ina ga haruffan Girkanci, ina ga gatari?

Daga waɗannan misalai muka fitar da tambayoyi huɗu. Duk ɗalibin da aka gayyata cikin wata ƙungiya ya yi su kafin ya amsa.

Tambaya ta farko: a kan me zan rantse, kuma da wa zan rantse? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ya san tun a shafukan farko an koya masa cewa bai halatta ga baligi ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. To yaya mutum zai san hukuncin rantsuwar da aka ɓoye masa lafazinta? A mubaya'ar Aƙaba ta biyu, mutanen Madina maza 73 da mata 2 sun tambayi a kan me za su yi mubaya'a, aka zayyana musu, har wasu daga cikinsu suka tsayar da ƴan uwansu suna tuna musu nauyin abin da za su ɗauka, sannan aka miƙa hannu. Wani zai ce ai Annabi (S.A.W.) ma ya tara sahabbansa a ɓoye a gidan Arƙam. Gaskiya ne, amma wurin taron aka ɓoye saboda azabar Ƙuraishawa, abin da ake kira zuwa gare shi kuwa ana karanta wa mutum shi kafin ya shiga. Sannan rantsuwa ba ta halatta sai da Allah. Idan aka kai ga rantsuwa da jini, ko kabari, ko wani abin tsafi, to magana ta bar babin haram ta taɓa tauhidi.

Tambaya ta biyu: me ake yi wa mutum a bakin ƙofa? Allah Ya girmama ɗan Adam, Ya hana izgili da jifa da munanan laƙubba a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, Ya haramta giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya ƙulla ƴan uwantaka tsakanin Abdurrahman ɗan Auf da Sa'adu ɗan Rabi'u a Madina, ba a doki Abdurrahman ba, ba a karɓi kuɗinsa ba. Sa'adu ne ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuma ya yi masa addu'ar albarka ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mai gida shi ke ɗaukar nauyin baƙo. Wanda ya fara da wulaƙanta ka kafin ya kira ka ɗan uwa ya riga ya nuna maka matsayinka a wurinsa. Kuma wanda aka daka bana shi ne zai daki wani baɗi, da haka zaluncin yake zama gado.

Tambaya ta uku: ina iyakar biyayya? Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi (S.A.W.) ya naɗa wa wata runduna shugaba, ya umurce su da yi masa biyayya. Shugaban ya yi fushi, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna duban juna, suna cewa ai gudun wuta ne ya kawo su wurin Manzon Allah. Da labari ya je wa Annabi (S.A.W.), ya bayyana cewa da sun shige ta da ba su fito ba, kuma biyayya tana cikin abin kirki ne kawai. Wannan shugaba ne da Annabi ya naɗa da kansa. Ina ga yaron da bai fi ɗanka da komai ba sai shekara ɗaya a makaranta?

Tambaya ta huɗu: idan ɗan ƙungiya ya zalunci wanda ba ɗan ƙungiya ba, ina za a tsaya? Annabi (S.A.W.) ya koyar da cewa taimakon ɗan uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta buɗe ƙofar taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ta rufe ta a kan saɓo da ƙetare iyaka. Ƙungiyar da ke ɓoye laifin ɗanta, ko ta sa a ɗauki ɗanta aiki a bar wanda ya fi shi cancanta, ta faɗa cikin abin da aka rufe, ko da tana gina asibiti kowace shekara.

Wannan ma'auni ba na Turawa da ƴan Najeriya kaɗai ba ne. A auna fadar samarin unguwa da shi, a auna ƙungiyoyin siyasa na ɗalibai da shi, a auna har ƙungiyoyinmu masu sunan addini, tamu ma tana ciki.

Wanda ya riga ya shiga

Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai wanda ya riga ya rantse, yana ganin ƙofa ta rufe. Ba ta rufe ba. Rantsuwa a kan saɓo ba a cika ta. Sunna ta koyar da cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Idan da Allah ya rantse, kaffararsa ita ce ciyar da miskinai goma, kowane mudu ɗaya da mudun Annabi (S.A.W.) kamar yadda yake a Risala, ko tufatar da su, ko ƴanta wuya. Wanda bai sami iko ba ya yi azumin kwana uku. Idan da wanin Allah ya rantse, babu kaffara a kansa, sai tuba da istigfari, kuma ya sabunta kalmar shahada idan akwai shirka a ciki.

Sai dai a yi fitar da hikima. A Amurka mutum yana iya rubuta takarda ya fita, abin da zai rasa abokai ne da kuɗin da ya biya. Ƙungiyoyin asiri kuwa suna farautar wanda ya bar su. Kada yaro ya fuskance su shi kaɗai. Ya sanar da iyayensa, a sanar da hukumar makaranta da jami'an tsaro, idan ta kama a sauya masa makaranta ko a dawo da shi gida. Asarar shekara ɗaya ta karatu ta fi asarar rai sauƙi. Ku kuma iyaye, idan ɗanku ya zo muku da wannan magana, kada ku tarbe shi da tsinuwa, domin tsoron bakinku ne ke sa da yawansu su yi shiru har abin ya fi ƙarfinsu.

Nauyin da ke kanmu

Ya ku ƴan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro ɗan shekara 18 da ya sauka a garin da bai san kowa ba, ba ya jin harshensu sosai, babu mai tambayar sa ko ya ci abinci, duk wanda ya fara miƙa masa hannu shi zai riƙe. Ƙishirwar ƴan uwa halitta ce, ba laifi ba ce. Idan ba mu kai masa ruwa mai kyau ba, zai sha wanda ya samu.

Saboda haka kafin yaro ya tafi a nema masa wanda zai tarbe shi, a haɗa shi da masallacin garin da ɗaliban ƙasarmu da suka riga shi. A Najeriya akwai Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tun 1954, a Amurka akwai irinta tun 1963, a nan gida ma muna da tamu. Ƙofofinsu a buɗe suke, ana sanin abin da suke yi kafin a shiga. Uba kuma kada hirarsa da ɗansa ta tsaya a kan kuɗi da sakamakon jarrabawa. Ya tambaye shi su wa yake zama da su, ina yake sallar Juma'a, wa ya duba shi ranar da ya yi rashin lafiya. Ɗalibanmu manya da ke jami'o'i, ku riga kowa zuwa tasha ku tarbi sababbi, ku nuna musu ɗaki da kasuwa da masallaci, kamar yadda Ansaru suka yi.

Amsar da muka ba Alhaji ita ce ya ce wa ɗansa ya nemi su ba shi lafazin rantsuwar da sharuɗɗan gwajin a rubuce tun kafin ya amsa gayyata. Idan sun bayar, ya auna su da tambayoyin nan huɗu, ya aiko mu duba tare. Idan sun ce asiri ne, to sun riga sun ba shi amsa, ya gode musu da kyakkyawar magana, ya ci gaba da zaman mutunci da su a aji da maƙwabtaka, amma kada ya ba da hannu. Aikin da suke yi masa alkawari kuwa, arziki yana hannun wanda Ya raba shi tun yaron yana cikin mahaifiyarsa.

Ya Allah Ka tsare mana ƴaƴanmu a inda idanunmu ba sa kaiwa. Ka haɗa su da abokan da za su tuna musu idan sun manta, su taimake su idan sun tuna. Ka kuɓutar da wanda ya faɗa tarko, Ka dawo mana da su da ilimi mai amfani da imani cikakke. Ka gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.